Rigar Iska

Ranar Talata aka sauke kwalin a sito.
Malam Ɗayyabu ya yanke igiyar da reza, ya ce,
"Hansatu, zo ki zaɓa da kanki,
ke za ki gangara da ita ƙarƙashin dam ɗin Ajiwa."

Riguna uku, kowace da jakar iska a cikinta,
da tiyo a kafaɗa, da maɓalli biyu.
Ki danna wannan ki taso, ki danna wancan ki nutse.
A baki da sauƙi. Ni kuwa na san halin ruwa.

Ta farko na san irinta, ita na sa bara.
An yanka ta don mai dogon baya, mai faɗin kafaɗa.
Da na hura mata iska sai ta hau kunnuwana,
tukunyar ƙarfe tana ƙwanƙwasa mini ƙeya,
ɗamara ta danne inda bai kamata a danne ba.
Wa zan gaya wa? Duk maza ne a kwalekwalen.
Sai in haɗiye, in ce lafiya lau bayan fitowa.

Ta biyu ruwan hoda ce, har da zanen fure.
Na shimfiɗa ta, na auna da taƙi,
ashe ɗinkin maza ne, launi kawai aka sauya.
Gaba bakwai a ƙasa, cikin laka,
inda ko tafin hannuna ba na gani,
me fure zai yi mini?
Na ture ta gefe. Wannan ta kallo ce a kasuwa.

Kakana Na'ayya masunci ne, gora yake hawa.
Ba ya sayen gora da ido.
Sai ya ƙwanƙwasa, ya kara kunne,
ya kwanta a kanta da cikinsa a tsakar kasuwar Charanchi
mutane na dariya, shi ko a jikinsa.
Yakan ce, "Abin da zai ɗauke ka,
bari ya san nauyinka tun kan tudu,
kada ku fara gaisawa a tsakiyar ruwa."

Don haka ta uku ban kalle ta ba, sawa na yi.
Baƙa ce, ba ado, bayanta gajere.
Iskar tana baya, gaba ya bar mini numfashi.
Ɗamarar ƙirji tana matsawa sama,
aljihun dalma ya zauna daidai ƙugu,
inda mace ta saba ɗaukar nauyi.
Na sunkuya, na ɗaga hannu, na yi kamar mai ruku'u,
na lalubi igiyar sakin iska ido a rufe,
sau uku, ban yi kuskuren kamawa.

Malam Ɗayyabu ya ce ta fi tsada.
Na ce, "To, a rubuta a takarda,
raina ma ba a arha aka samo shi ba."
Ya yi tsaki, ya yi dariya, ya ɗauki biro yana rattabawa.

Asabar na sauka.
Hasken sama ya koma kalar koko, ya koma babu.
Na ba ta iska kaɗan, kamar gishiri a miya,
sai na tsaya.
Ban taɓa laka ba, ban taso ba.
In na shaƙa in ɗaga kamu guda,
in na fesar in sauko,
ni da wani tarwaɗa muna rataye, ba mai riƙe kowa.

A bakin bututu na tarar da aikina:
buhun taki, reshen gawo, takalmin yaro ƙafa ɗaya.
Na zare su ɗaya bayan ɗaya.

Da magariba, a Ƙofar Marusa,
Inna ta murɗa famfo, ya yi tari, ya kawo.
Ba ta tambaye ni rigar ba.
Ta dubi ƙeyata, ba kumburi yau,
ta miƙo mini bokiti ta ce, "Tari, kafin ya ɗauke,
ba a yarda da famfon unguwa."