Faifan Jingina

Direban tirela ya bar shi jingina
a shagon babansa, can Garwa.
Hamajoda ya haddace salsar da ke ciki,
bai san ma'anar baƙi ɗaya ba.

Shekara talatin, daren Asabar,
farin kwat, takalmi mai tsini,
yana girgiza bakin Binuwai.
Injamena ta kira shi sau biyu,
kuɗin mota ya cinye ladan.

Da murya ta dushe
sai gyaran rediyo.

A gadon asibiti ya rera wa likita 'yar Kuba
baitin da ya sa Marwa kuka.
Ta yi dariya har da riƙe ciki:
"Baba, mutum ne ke bin maƙwabci kuɗin akuya."

Ya ce, "Haba, shi ya sa.
Ni ma har yau ina bin nawa."