Wanda Bai Ci Kowa Ba

Tsahara ta dawo daga lakkol da kaye a hammata,
ta iske ni ina wasa wuƙa a ƙofar gida, Bilbis.
Ta ce, Baba, yau Mushe Illa ya raba duniya biyu:
masu cin rana, da masu cin junansu.

Na ce, rana kuma ana cin ta?
Ta ce, ganye ke ci.
Ya shimfiɗa tafinsa, ya sha haske, ya sha ruwa,
ya ƙoshi bai yanka kowa ba.
Sauranmu duka da ran wani muke tafiya,
tun daga tsutsa har liman.

Na yi dariya, na gwada kaifi a gashin hannu.

Asuba, mahautar Tawa.
Na kayar da bunsurun Nomau, na juya shi gabas,
na ambaci sunan Mai shi.
Da na farke tumbi sai ga Adar kaf a ciki:
harawar wake, ganyen aduwa, dusar gero,
da guntun baƙar leda da ta ƙi narkewa.
Kore shar, tururi na tashi.
Ashe shekara talatin rana nake feɗewa,
rana da ta bi ta ganye, ta bi ta haƙori,
ta zo ta kwanta a sikelina
ana tayin ta jaka biyu.

Ban ɗaga kai ba ƴan rabo suka iso.
Ƙuda shi ne na fari, bai taɓa makara ba.
Kaska ta saki kunnen da ya huce,
ta kama hanyar neman wani gida.
Karen Ɗan Alka ya zauna nesa da jifa, yana lissafi.
Can sama ungulu biyu, ragowar taron da na sani ina yaro,
har yau ba su jewar banza.
Ba wanda na aika wa goron gayya.
Tsofaffi sun ce baki shi ke yanka wuya,
ni dai riƙe masa wuƙa nake.

A tasha na sayi fara wurin matar Hankurau.
Bara fara ta sauka gonarsu da hantsi,
kafin la'asar ba ko zangarniya.
Yau ga ta a tire, ta sha mai, ta sha yaji,
geronsu ya dawo musu da ƙafa shida.
Ta auna mini tana murmushi,
ta ce, ci, mahauci, ramuwa muke.

Da yamma na bi ta maƙabarta.
Aduwar da ta tsiro gefen kushewar mahaifina
ta fi ni tsawo yanzu.
Shi da ya yanka abin da ba ya ƙirguwa,
gara ta karɓi nata, ƙasa ta karɓi saura,
saiwa ta sauka ta tarar da shi.
Wata akuya ta miƙe da ƙafar baya
tana tsinkar ganyen ƙasa-ƙasa.
Na ɗauki hoge zan jefa,
sai na aje.

Dare. Kwaɗin Babaye sun buɗe kasuwarsu,
kowane maƙogwaro cike da sauro,
belbela na barci a reshe da nata shirin na gobe.
Na kwance takardar tsire a tabarma.
Tsahara ta ci yanka uku, ta lashe ƙuli a yatsa,
ta ce, to mu, Baba, wa ke cin mu?
Uwarta ta ce, tofar da yawu, ana cin abinci.

Na so in ce ta gaya wa Mushe Illa
ganyen nan nasa ma ba waliyyi ba ne,
haƙuri gare shi, yana jira daga ƙasa.
Ban faɗa ba.
Wani abu ya sauka a wuyana, na kai masa mari.
Na buɗa tafi kusa da fitila:
ɗigo guda, ja,
ban san ko nawa ba ne, ko na bunsurun Nomau.