Takardar Ƙosai

Shekara uku ina jami'a, ina koyon
yadda ake ba takarda lamba, a raba ta da gara.
Baba ya ce, "Lisansin jera kaye?
Hatsi ake wa rumbu, ɗiyata."

Jiya a Bagalam na sayi ƙosan dala ashirin,
Tsahara ta ƙunsa mini a tsohuwar takarda.
Mai ya ratsa ta, tawada ta ƙi mutuwa:
Ɗan Jimma ɗan Nomau, gona bakin Gulbi,
buhu tara na gujiya, an biya.

Na juye ƙosan cikin mayafi, da zafinsa.
Takardar na ƙarƙashin katifata tana miƙewa,
ban ba ta lamba ba tukuna.
Baba, ba Nomau ne sunan kakanka ba?