Kunne Ya Zaɓa

A hawa na uku na kasuwar Yongsan,
inda kwalaye suka kai rufi
kuma laimomi ke ɗiga a bakin kowane shago,
na riƙe gwiwar hannun ƙanena, Dae-hwi.
Shekara biyu ke nan ganinsa na janyewa
kamar baƙon da ba ya son a ji fitarsa.
Allon kwamfuta ya zame masa fitila bayan labule.
Wasan dai bai bari ba.

Tsoho Pyo, tabarau a goshi,
ya fara da kwalin da ya fi ƙyalli:
"Lasifika bakwai, da babbarsu mai gurnani.
Ga fitilu, ja da shuɗi, suna rawa da sauti."
Dae-hwi ya murmusa.
"Fitilun, kawu, sayar wa yayata."
Tsohon ya dubi farar sanda, ya dube ni,
ya haɗiye sauran tallansa.

Kujera ya jawo tsakiyar shago.
Biyu a gaba, ɗaya tsakaninsu,
biyu a baya kan kwalaye, daidai kunne,
babbar a ƙasa kamar sa a turke.
Ya kunna wasan:
kangon masana'anta, ruwa na ɗiga,
wani na tafe da mugun nufi.

Ta farko ta girgiza gilashin taga.
"Wannan duk ciki ce, ba baki.
Bam ɗaya ya tashi, ya cinye takun kowa."
Ta biyu mai tsada, sumul, ba waya.
"Ana tafe, na ji, amma daga ina?
Jita-jita take kawo mini."

Ni kuwa lissafi nake yi a zuci.
Ɗakinsa taku shida ne a tsaye, huɗu a kwance.
Ƙarƙashinmu akwai Madam Gu, mai aikin jinyar dare,
wadda sandar tsintsiyarta ta san silin ɗinta.
Na ce, "Na maƙalawa a kunne ya fi araha,
kuma ba mai buga mana ƙofa."
Ya ce, "Na gaji da duniyar da ake ɗaure mini a ka.
In na toshe kunne, me ya rage mini?
Ina so in ji kin shigo."
Ban sake magana ba.

Sai tsoho Pyo ya shige bayan kanta,
ya daɗe, muna jin tarinsa,
ya fito da wasu guda biyar, duk ƙura,
ɗaya da tabon sigari a ka,
ragowar wani gidan wasa da ya rufe bara.
Ba kwali. Wayoyi kamar taliyar jiya.
Ya warware, ya jona, ya rage gurnani.

Shiru.
Ɗigon ruwa.
Dae-hwi ya ɗaga yatsa:
"Hagu. Baya. Yana kan tsanin ƙarfe.
Ya tsaya... takalminsa a jiƙe yake."
Tsohon ya juya idon wasan a hankali,
ga mutumin nan a mataki na huɗu.
Ya cire tabarau ya goge, ba don sun yi datti ba.

Mun yi ciniki, ya rage kaɗan,
ya ƙara mana waya mita goma kyauta,
ya ce a sa tabarmar roba ƙarƙashin babbar
saboda baiwar nan mai tsintsiya.

Da dare na bi gindin bango a durƙushe,
ina manne waya, kada ƙafarsa ta harɗe.
Gwiwata ta yi tsami.
Can wajen sha ɗaya na shigo ba takalmi,
ana ta harbi a kusurwa huɗu na ɗakin,
bai waiwayo ba.
"Dama. Baya. Taku uku," in ji shi.
"Shayin sha'ir ne, kuma kin cika kofin da yawa."