Zaren Kangyang

Sanƙarau ya tafi da jina ina shekara tara.
Tun daga nan da ido nake ji.
Da ido nake sanin babur na tafe,
da ido nake sanin ruwa ya tafasa,
da ido na gane, ranar da gari ya hargitse,
cewa gudu ake yi:
na ga takalma a titi, babu masu su.

Sai ga ni a wani ɗakin bene a Tudun Wada,
mu bakwai, duk kurame, ranar Asabar,
ruwan Agusta na gangarowa a jikin taga,
kowa da tabarmarsa ta roba.
Kangyang ce malamar. Mai ji ce.
Wata huɗu ta yi tana koyon maganar hannu saboda mu,
har yanzu yatsunta na in'ina.
Ta so ta ce numfashi, sai ta ce yunwa.
Muka yi dariya har Istifanus,
da ke tsaye da ƙafa ɗaya kamar zalɓe, ya kife.
Ita ma ta dara, ba ta ɓoye kunyarta ba.

Yoga? in ji Iya a gida, da hannu da gira.
Ba dai addini za ki sake ba, Tasalla?
Na ce, Iya, bayana ne.
Buhunan dankalin Farin Gada sun tanƙwara ni.

Mun miƙe, mun lanƙwasa, ƙashi ya yi ƙorafinsa.
Sai ta ce mu kwanta rigingine,
ta kai yatsu ga idanunta, ta sauke su a hankali:
ku rufe.

Na ƙi.

Mai ji in ya rufe ido, labule kawai ya saki,
ƙofarsa na nan a buɗe.
Ni ƙofa ɗaya ta rage mini.
Na tashi zaune na gaya mata haka,
hannuwana suna tuntuɓe da juna.
Ta daɗe tana kallon tafinta.

Asabar ta gaba ta zo da zaren saƙa, ja,
irin na hular sanyin jarirai.
Ta ɗaura wa kowa a wuyan hannu,
ta tattara bakin zaren bakwai a yatsunta.
In na ja sau ɗaya, ina nan.
Sau biyu, ku buɗe.
In wani abu ya faru, zan ja har ya tsinke.

Na dubi ƙofa. Na dubi taga. Na sake duban ƙofa.
Na rufe.

Duhu.
Wata tifa ta wuce, na ji ta a ƙashin bayana.
Zuciyata na ta daka kamar mai biki gobe.
Sannan zaren ya motsa, sau ɗaya.
Bayan jan akwai wata 'yar rawa da ba ta cikin yarjejeniya:
ashe hannunta ma kyarma yake,
rai bakwai a yatsu biyar.

Hawaye ya gangara ta gefe ya shiga kunnena.
Shekara ashirin da biyu ba ya aikin komai,
yau ya riƙe ruwa.

A cikin duhun na tuna da Wanda ke jin
tafiyar tururuwa a kan dutse da tsakar dare.
Bai taɓa jiran muryata ba.
Ban san tsawon lokacin ba,
har zare ya ja sau biyu.

Da la'asar na daɗe a sujada
har Iya ta taɓa diddigena, ko lafiya.
Da na sallame ta ga jan zaren, na manta ban kwance ba.
Ta ja shi kaɗan, sau ɗaya,
ba ta ma san me ta ce ba.