Tafintan Gaɓa Biyu

Wasiƙarmu ta tafi Yawunde ran Talata,
Logon kuwa bai jira amsa ba.
Kogi ba shi da fasfo,
ba ya rage gudu don jandarma ya ɗaga hannu.
Daren Alhamis ya hau matakalar masallacin masunta,
ya kwashe takalman masu sallah.

Da asuba magajin garinmu Bishara ya buga min ƙofa:
"Ɗauko bakinka mu haye."
Ba mota mai tuta, ba jiniya,
babura biyu na haya daga Kusiri,
gadar Ngeli cike da matan da ke kai kifi Njamaina
su dawo da gishiri da gulma.

Mun iske Hajje Kaltuma a gindin darbejiya,
ita ke riƙe da gundumar ƙetare,
zanenta jiƙe har gwiwa,
Jimet injiniyanta na auna taɓo da idanu.
Ba ta ce mu zauna ba.
Da Larabcin Shuwa mai yaji ta jefo:
"Bara kun ɗaga ganuwarku da dare kamar ɓarayi,
ruwanku ya kwana a ɗakin 'ya'yanmu."

Na haɗiye yawu. Na juya ga Bishara:
"Ta ce bara an sha wuya, ta ce a zauna."
Shi ma ya yi tsaki, ya ce, "Wa ya fara?"
Na ce mata, "Yana tambayar ta ina za a fara."
Allah Ya yafe min.
Shekara ashirin ina tsince ƙaya daga magana
kafin in miƙa wa mai ci.

Sai shayi ya zo, kofi uku ga mutum bakwai.
A zagaye na biyu aka tuna
kakarta a maƙabartarmu take kwance,
shi kuma a asibitinsu aka yanke wa autarsa cibi.
Wace iyaka ce za ta raba wannan?

Su suna da yashi, mu muna da buhunan albasa
dubu huɗu, ba kowa a cikinsu.
Su suna da tifa, mu muna da samari.
Abu ɗaya ya rage: tsayin ganuwa.
In naka ya ɗara nawa da taƙi guda,
ka aiko min da kogi ke nan.

Ma'arufu mai kwalekwale, da ba wanda ya gayyata,
ya miƙo gorar tuƙinsa,
ya zaro wuƙa, ya yi mata tsaga ɗaya.
"Nan. Gaɓar can nan, gaɓar nan ma nan.
Gorar za ta kwana yau a wajenku, gobe a wajensu."

A bayan rasiɗin kuɗin kasuwa na rubuta shi,
layi biyar, da biron da ke yankewa.
Ita ta sa hannu. Shi ya dangwala yatsa da taɓo,
don tawadar ta ƙare.

Kwana tara ana cika buhu.
Ruwa ya zo, ya shinshina tsagar, ya tsaya ƙasa da ita yatsa biyu.
Mun rasa rumfuna shida da jaki ɗaya.
Sun rasa katangar makaranta.
Ba a haƙa kabari ba.

Bayan wata huɗu, kogi ya rame har yara na tsallaka shi,
sai ga manya daga fadar ƙasashen biyu,
da kwat, da tuta, da takarda shafi sittin.
Aka kira ni in fassara.
Na fassara daidai, kalma bayan kalma,
don ba ƙaya a ciki, ba kuma nama.

Gorar tana wajen Ma'arufu har yanzu.
Jiya na gan shi yana korar awaki da ita.