Sharhi da Ragowar Gahawa

Ɗayyabu ya kawo min littafinsa ranar Laraba
a cikin ledar da aka sayo burodi.
Ya ce, "Malam, ka yi masa sharhi,
kada ka ji nauyina."
Na ce, "Yaushe na fara jin nauyinka,
ni da na koya maka riƙon alƙalami
a ajin da rufinsa ke yoyo?"

Labarin wani yaro ne, Muntari,
ɗan unguwarmu ta bakin Gash,
jikan mutumin da ya taso daga Haɗeja a ƙasa
da niyyar hajji.
Guzuri ya ƙare masa a Kassala,
ya ce bari ya yi noman shekara guda.
Shekarar ce har yau ba ta ƙare ba.

A makon ne kuma Haulatu, 'yar ƙanwata,
ta ɗora min nata kayan:
kwana talatin, zane talatin,
kowace safiya kalma ɗaya,
wanda ya tsallake rana ya faɗi.
Na ce tsufa ya hana.
Ta ce, "Kawu, hannun ne ya tsufa ko idon?"

To, littafi a dama, takarda a hagu,
jabana tana huci a tsakani.

Ranar farko aka ce: ƙofa.
Na zana tamu, har da tsagar da kyanwa ke bi.
Na karanta babi biyu,
na rubuta a gefen shafi da jan biro:
yaro ɗan shekara sha ɗaya,
me ya sa yake magana kamar liman?

Rana ta tara aka ce: nauyi.
A ranar ne Muntari ya sayar da keken ubansa
don a sayo wa uwarsa allura.
Ya dawo gida a ƙasa
da ƙararrawar keken a aljihu,
tana kaɗawa duk taku,
yana danne ta da tafin hannu
kada unguwa ta ji.
Na ɗauki jan biro, na ajiye.
Tawada ta ƙare,
sai na tsoma tsinke a ragowar gahawa
na zana ƙararrawa ɗaya tal a tsakiyar takarda.
Haulatu ta ce, "Ina nauyin?"
Na ce, "Ɗaga ki ji."

Ba zan ɓoye ba, cikin littafin akwai rairayi.
Shafi arba'in ina tafe
kamar mai ƙetare Gash da rani,
ba ruwa, sai sawun jakuna.
Yarinyar da yake so kuwa
aikinta murmushi a bayan taga,
ko atishawa marubucin bai bari ta yi ba.
Wannan zan faɗa masa ido da ido.

Rana ta ashirin da uku na makara.
Aka ɗauke wuta,
na zana Dutsen Taka da hasken waya,
ya fito kamar buhunan dawa a jingine.
Na miƙa haka nan.
Sharaɗin a yi ne, ba a ce a iya ba.

A shafin ƙarshe Muntari yana tsaye a tasha,
Larabci a bakinsa, Hausa a mafarkinsa,
yaron mota yana kiran Bur Sudan.
Bai hau ba, bai juya ba,
aka rufe littafi a kansa.
Kwana biyu ina jin haushi,
sai na tuna da kakana.

Kalmar rana ta talatin: gida.
Na daɗe ina kallon farar takarda,
sannan na sake zana ƙofar ranar farko,
amma daga waje.

Sharhin dai har yau layi uku ne.
Ɗayyabu ya zo karɓa bayan la'asar,
na miƙa masa zanen ƙararrawa.
Ya kai hanci, ya ce, "Malam, citta ta yi yawa."
Na ce, "Haka babinka na shida.
Je ka rage taka, in rage tawa."